Motar Da Ke Dafa Ƙafa

Kafin ya kai shataletale, tafin ƙafarsa ya fara soyuwa cikin takalmi. Ɗan Gayu ya doki sitiyari, ya zagi motar, ya haɗa da wanda ya ƙera ta. Motar tsere ce tsohuwar yayi, mai ƙofa biyu, gajeriya kamar an danne ta da tafin hannu. Baƙin fentinta sai ɗaukar ido yake, har yanzu da ɗan warinsa. A waje abin kallo, a ciki tanderu.

Da safen nan mai saye ya shiga don gwaji. Ko unguwa ba su gama zagawa ba ya fito yana fifita da hula, ya ce shi mota yake nema, ba wurin gashi ba. In an kashe zafin kafin la'asar a kawo, in ba haka ba a nemi wani. Ɗan Gayu kuwa ba ya son motar ta sake kwana a hannunsa.

Makanikin farko ya ce lagireto ne. Ya wanke, zafi ya ƙaru. Na biyu ya leƙa ƙarƙashi, ya ce bai taɓa ganin irin injin ba, sannan ya miƙo hannu a biya shi ladan leƙawa. Saura ƙiris su dambace. Mai facin da ya raba su ne ya ce bayan 'yan katako akwai wani dattijo da ake kira Baba Sifana, duk garin shi kaɗai ke taɓa irin waɗannan tsofaffin.

Garejin cike yake da gawarwakin motoci, sai wani fili guda a ƙarƙashin rumfa, a share tas. Baba Sifana ya daɗe yana kallon motar, tsumma a hannu. Daga baya ya nuna filin da haɓa, ya ce a ajiye ta can.

Ɗan Gayu ya fito yana jiƙe sharkaf, ya hau zazzaga masifa: ya sayi wahala da kuɗinsa, makanikai duk macuta ne, in tsohon ma bai iya ba ya faɗa tun da wuri. Yana cikin laluben abin buɗe bonet, dattijon ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya ja wata waya. Bonet ya ɗaga.

Ya fara bayani a tsanake, kamar mai karanta wa jika labari. Zafin irin wannan motar, in ji shi, ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba. Ga famfon da ke tura ruwan zafi cikin hita, wayarsa ta tsinke, sai da hannu ake rufe shi, kuma wani gwani ya murɗa shi ta baya. Ga robar gindin giya ta yage, iskar injin na hurowa ta nan. Babban abin kuma, salansa na bi daidai ƙarƙashin ƙafar direba, farantin ƙarfen da ke kare zafinta babu shi.

"To a sa mana! Wa'azi na zo ji?"

"Sannu-sannu, ɗana. Bari in kira masu kaya."

Ya koma gefe ya yi waya, murya ƙasa-ƙasa. Da ya dawo, ya karɓi makulli, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya yaba yadda yake sheƙi kamar yau aka yanko, ya mayar masa. Sannan ya ce kafin kayan su iso sai an gane ramin da ya fi hurowa. Ya ce Ɗan Gayu ya shiga, ya rufe gilasai, ya taka totur, duk inda ya ji ƙuna ya nuna.

Ya shiga yana tsaki. Zufa ta cika masa ido, rigar da ya goge da safe ta manne a baya. Ya nuna ƙafa, dattijon ya girgiza kai ya yi masa alamar ya ƙara wuta. Ya nuna giya, aka ce ƙara dai. Mai walda na maƙwabta ya shigo ya jingina da ƙofar direba, kamar mai kallo. Wasu 'yan katako biyu suka biyo baya, ɗaya ya ja ƙyauren gareji saboda awaki. Ɗan Gayu ya riƙa dukan gilashi yana kiran tsohon da sunayen da ba sa maimaituwa. Baba Sifana ko a jikinsa, yana kankare gefen ƙofa da farce, yana duba jan fentin da ya fito a ƙasan baƙin.

Sai da ya ga mutumin ya fara lumshe ido ya sa aka buɗe. Ɗan Gayu ya zubo ƙasa yana haki, yana rantsuwar sai ya sa an rufe garejin nan.

Dattijon ya juya masa baya. Ya shiga ɗakin kaya ya fito da wani lanƙwasasshen faranti da gwangwanin notuna, ya kwanta ƙarƙashin motar. Kowane rami ya hau kan ɗan'uwansa, ko guduma ba a ɗauka ba. Ɗan Gayu ya share ido ya duba agogo, ya ga da sauran lokaci, sai bakinsa ya dawo. Ya ce wannan ai na gwanjo ne, kada a kuskura a caje shi kuɗin sabo, kuma ma a ina tsoho ya samo farantin motar da babu irinta a garin nan.

Baba Sifana ya fito, ya goge hannu, ya zare makullin daga motar ya jefa a aljihu.

"Nata ne, ɗana, motar kuwa tawa ce. Ƙara yake mini, na cire shi na rataye da niyyar in na dawo daga gaishe da 'yata in gyara, sai ka riga ni zuwa inda na ajiye ta."