Akayau ɗin Kawu Bawa

Shekarar da gulbi ya cinye albasar fadamarmu, Kawu Bawa, gwanin rawar gayya a Danwarai, ya ɗaura mini akayau, ƙarafan nan masu kacau-kacau a ƙafa. Na zabura zan yi tsalle.

"Tsaya, ja'iri! Taka har bakin rumbu, kar in ji ko cas."

"Kawu, rawa fa nika so."

"Wanda bai iya sa akayau shiru ba, ba shi iya sa shi magana."

Har la'asar ina sakewa, ban haƙura ba. Haka nake bin karatun yaƙi da jahilci yau, da furfurata.

Salon rawa bakwai Kawu ya iya. Biyu ya koya mini kafin ya rasu. Biyar sun bi shi.