Matan Ƙosai na Tashar Sabon Gari

Ana ta raɗe-raɗi a Samaru wai matan da ke toya ƙosai a tashar Sabon Gari satar 'yan aikin mutane suke yi. Wata tsohuwar malamar asibiti ba ta yarda da ji-ta-ji-ta, ga shi kuma kwamitin tallafi ita yake jira ta nuna ƙungiyar da ta cancanta, sai ta tafi da ƙafarta.

A bayan rumfa ta tarar da wata yarinya tana cin ƙosai hannu baka hannu ƙwarya, bayanta duk shatin bulala. Tun tana ƙanƙanuwa take bauta, ba a taɓa ba ta ko kwabo ba.

"Satar ce kuwa, Inna," in ji babbar matan, tana juya kasko. "Mu yi karo-karo, mu sa ta a motar garinsu. Tun bayan yaƙi muke yi."

Malamar ta koma ta shaida wa kwamiti cewa matan ƙosai ne suka cancanta. Aka ce, "Haba Hajiya, mutanen da ko sakatare ba su da shi?"

Aka miƙa kuɗin da lambar yabo ga ƙungiyar matan manyan ma'aikata, aka tafa, aka ɗauki hoto. Daga gidajensu yaran suke gudowa.