Sarakunan Abu Nasib

Karta huɗu Garabet ya raba wa kowa. Na duba tawa sau ɗaya, na kife. Sarakuna biyu. Na ƙara kuɗi.

Shekara arba'in ina buga cacar karta ta foka a kan teburin nan, a gidan gahawar Garabet da ke Beirut. Ban yi boko ba, amma kallo ɗaya nake yi wa karta in san ko za ta ci. Shi ya sa in na ƙara, kowa yake zubar da tasa, in kwashe ba tare da na buɗe ba.

A ranar, abokin wasanmu Tanios ya zo da surukinsa Jirjis, baƙo daga Zahle. Tanios ya zubar. Garabet ya zubar, yana tarin ƙarya yana hararar baƙon. Shi kuwa ya bi ni har ƙarshe.

Na buɗe. "Sarakuna biyu, ɗan nan. Je ka koyo."

Ya tuntsire da dariya. "Haba Kawu! Ai sarkin naka ɗaya mace ce. Ɗayan ma ba sarki ba ne."

Na ɗaga kartar har bakin hancina. Gaskiyarsa.

Babu wanda ya yi mamaki, abin da ya ƙona ni ke nan. Tanios ya sunkuyar da kai yana juya kofinsa.

"Tun yaushe?" na ce.

"Shekara biyu, Abu Nasib," in ji Garabet. "Likitan ido ne ya gaya wa 'yarka ganinka ya ragu, ita ta roƙe mu mu riƙa bar maka wasa. Abin da kake ci ma, ita take mayar mana duk Juma'a."