Lallen Kyauta

Tun da aka kawo sabuwar tawadar zaɓe, yatsan mutum kan rine da launin ɗan takarar da aka ƙirga wa ƙuri'arsa. Kore na zaɓa, na wayi gari da jan yatsa. Haka rabin layinmu.

Maƙwabciyata Ladidi ta leƙo. "Maman Zulai, taso mu je fili mu ɗaga yatsu, dole a bincika."

"Waɗanda suka ɗaga jiya sun dawo gida?"

Ta kau da kai.

Sai ga matar kansila da kwano. "Jan lalle nake rabawa, na suna."

Ba wadda ta haihu a layinmu. Ladidi ta ɓoye hannunta cikin mayafi. Ni na gyara goyon Zulai, na miƙa nawa.