Tsoho Mai Warin Raƙumi

Hamidu ya tashi daga cikin rairayi yana tofar da ƙasa, dokin kuwa ya koma gindin turke yana huci. Wannan faɗuwar yau ce, ban da ta jiya da ta shekaranjiya. Sauran gardi, wato dakarun barikin Gure, har sun gaji da yi masa dariya.

Dokin akawal ne, baƙi wuluk, yana cikin waɗanda masu gari suka tattaro daga ƙauyuka bisa umarnin Kumandan, shugaban barikin, aka raba wa gardi. Sauran duk sun yi laushi, shi kaɗai ya ƙi. An ɗura masa linzami har bakinsa ya yi jini, an hana shi ruwa, an yi bulala har hannu ya gaji. Da Kumandan ya ƙosa, sai ya ce in ranar fita turne, wato rangadi, ta zo ba a iya hawansa ba, a bindige shi. Bariki ba ta ciyar da dabbar banza.

Ana cikin haka wani tsoho ya iso da ƙafa, ya ce sunansa Garbai, ya ji labari a kasuwa, kuma ya ɗan san dawaki. Ya naɗe fuska da rawani sai ido, rigarsa na warin raƙumi kamar ɗaki ɗaya suke kwana. Magana ma da raɗa yake yi, wai maƙogwaro ke damunsa. Hamidu ya ce to, ba don ya yarda da shi ba, sai don ƙugunsa ya gaji da shan ƙasa.

Mai horon doki da ba ya taɓa doki, ranar Hamidu ya fara gani. Tsohon zai ɗebi rairayi ya saki, ya ga inda iska ta nufa, sannan ya je can nesa ya tsuguna. Hamidu ya ɗauka tsoro ne, bai kuma ga laifinsa ba.

"Cire linzamin nan, ɗana, ragama ta isa. Kaimin ma ajiye shi."

"Baba, da linzamin ma kayar da ni yake."

"Shi ya sa."

Daga nan aiki ya zama na haƙuri, irin mai cin rai. Kada Hamidu ya tunkari dokin gaba da gaba, ya bi ta kafaɗa. Kada ya kafe shi da ido. In dokin ya tako taku ɗaya, shi ya ja da baya. Ya soshe shi ƙarƙashin geza, amma ya ƙyale kunnensa na hagu. Harawa, kanwa, ruwan sha, duk daga hannun Hamidu, shi kaɗai. Ko ɗan tsinken ciyawa tsohon bai taɓa miƙawa ba. Rana ta dake su, ƙuda ya bi su, gardi suna wucewa suna tambaya ko dokin ne ke horon Hamidu.

A hankali dokin ya daina harbi. Ya yarda da tsumma a bayansa, ya yarda da sirdi, har ya yarda da nauyin mutum.

Sai wata rana iska ta kwaso wata busasshiyar kaba ta watsa wa dokin a ƙafa. Ya zabura, Hamidu ya zamo, ƙafarsa ta maƙale a likkafa, doki na jansa a ƙasa. Tsohon ya miƙe zumbur, ya ƙyasta harshe sau ɗaya. Dokin ya tsaya cak, kunnuwa a tsaye, yana waige-waige yana haniniya. Garbai ya juya baya ya zauna, ya ƙara jan rawani.

"Baba, ka koya mini asirin nan," in ji Hamidu, yana ɗingishi.

"Ba asiri ba ne. Kuskure ne."

Haka kuwa aka yi. Dokin ya ƙi cin abinci, ya koma fisgar turke, aiki ya dawo ɗanye, ga ranar turne tana matsowa. Tsohon ya ƙara nisa, har sai Hamidu ya taka ya je wurinsa ya ji abin da zai yi, ya dawo. Dukansu sun rame, an rasa wanda ya fi wani gajiya.

Ranar turne gardi suka jeru, Kumandan na tsaye, wani na riƙe da bindiga a gefe. Hamidu ya sosa gezar, ya hau da ragama kawai. Dokin ya taka, ya yi sassarfa, ya juya, ya dawo ya tsaya. Da ya sauka ya saki igiya, sai dabbar ta bi bayansa tana shinshinar kafaɗarsa. Kumandan ya gyaɗa kai, aka mai da bindiga.

Suka fita ta ƙofar bariki, suka wuce dab da tsohon, wanda ke tsugune a jikin katanga. Hamidu ya ɗaga masa hannu. Dokin ya kau da kai saboda warin raƙumi, ya wuce.

Garbai ya kama hanyar Kelle da ƙafa kamar yadda ya zo. Da ya isa gida ya warware rawani, ya tuɓe rigar ya ce a mai da wa mai raƙuma abinsa. Matarsa Yakura ta kawo masa ruwa, ta tsuguna tana dubansa.

"Maigida, ya gane ka?"

"Ko waiwaye bai yi ba," in ji Garbai, da muryarsa garau. "Yanzu kam zai rayu."

Ya sha ruwan. Sannan ya tashi ya je bayan ɗaki, ya tuge turken da yake ɗaure akawal ɗin nan tun yana ɗuƙushi.