Faifan Malam Dattijo

Cornelius ya kwance murfin kwamfutar, ya cusa katin talabijin a raminsa, ya ɗaure da sukudireba. Malam Dattijo yana zaune a kan tabarma, bai ɗauke ido daga hannunsa ba.

A Kura, in dai maganar dish ce ko kwamfuta, Cornelius ake nema. Amma bai taɓa yi wa mutum irin wannan aiki ba. Malam Dattijo baƙo ne, daga wani ƙauye mai nisa ya zo a farkon ranin 2007, ya kama ɗaki a bayan kasuwar tumatir. Ko karatun boko ba shi da shi, sai ga shi ya sayar da sansa na noma, ya shigo da tsohuwar kwamfuta daga Kano a cikin buhu.

“Abu ɗaya nake so, yaro,” ya ce. “In mutum ya yi magana a talabijin, a kama maganar, kada ya iya haɗiye ta.”

Mutumin da yake nufi shi ne Alhaji Abdulsamad, dillalin tumatir da ya yi shekaru a garin ya yi arziki, yanzu yake takarar majalisar jiha. Cornelius bai yi mamaki ba. Manoman rani da yawa suna jin haushinsa, don ya sha barin kwandunansu su kwana a rana har sai sun sallama da araha.

Cornelius ya haɗa wayar eriya, ya sa manhajar ɗaukar shiri, ya saita ta ta farka da kanta duk yammacin Laraba, lokacin hira da ’yan takara. Ya nuna wa tsohon jan maɓallin da yake tsayar da ita.

Larabar farko wuta ta ɗauke ana tsakiyar hira. Washegari Malam Dattijo ya aro janareta.

A ta biyu aka dace. Ɗan takarar ya fito cikin farar shadda, ya yi alƙawarin yashe magudanan ruwa, ya yi na taki. Cornelius ya ce wannan ya isa a kunyata shi nan gaba. Tsohon ya girgiza kai, ya ce a wuce. Sai da aka zo inda Alhajin ya sunkuyar da kai, murya na rawa, yana cewa shi maraya ne, mahaifinsa ya rasu yana goye, shi ya sa ya san zafin talaka.

“Nan,” in ji Malam Dattijo. “Mayar da shi baya.”

Ya saurara har ya haddace. Idonsa a bushe yake.

Daga nan aikin ya yaɗu. Cornelius ya yanke wurin, ya buga shi a faifan sidi, ya kai gidajen kallo na Kura da Bunkure. Ya rage nauyinsa ya shiga wayoyin ’yan acaɓa, su kuma suka yi ta tura wa juna. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, faifan taimakon Alhajin yake yi. Mata suna kallo suna share hawaye.

“Baba, ai tallarsa muke yi.”

“Bar shi. So nake kowa ya ji da kunnensa.”

Ranar babban gangami, filin ya cika maƙil. Magoya bayan Alhajin da kansu suka roƙi Cornelius ya kafa babbar talabijin a gefen dandamali, ya saki faifan a lasifika. Muryar ta karaɗe filin, mutane suna ta Allah sarki.

Malam Dattijo ya ratsa taron da sandarsa, a hankali, har gaban dandamali. Alhaji Abdulsamad ya dube shi. Murmushinsa ya tsaya, makirufo ya zame daga hannunsa ya faɗo ƙasa.

Tsohon ya sunkuya ya ɗauka, ya hura, ya ji yana aiki.

“Audu,” ya ce, “uwarka ta rasu bara tana kiran sunanka. Ni kuwa, ubanka da ka binne kana goye, ga ni na zo in yi maka ta’aziyya.”