Siton Goro Mai Tagogin Gilashi

Zauna tukuna, Tukur, ka sha ruwa. Tun ɗazu kake cika mini kunne, wai mai burodin da zai kama haya a filinka ya cika iyayi, wai shi zai faɗa maka inda za a sa ƙofa da inda hayaƙi zai fita, alhali ko bulo ɗaya ba nasa ba ne. To, ni shekarata arba'in ina kwaɓa ƙasa da siminti, bari in ba ka wani misali.

An yi wani mutum mai fili a bakin titi, kusa da 'yan goro. Mutumin kirki ne, wannan kam ba a ƙwace masa, sai dai irin mutanen nan ne da kana magana suna gyaɗa kai, alhali nasu tunanin suke yi. Wani falke mai goro ya same shi suka daidaita, mai fili zai gina masa sito daidai da sana'arsa, shi kuma ya zauna haya shekara goma. Falken ya tsuguna ya zana abin da yake so a ƙasa da tsinke. Ginin ƙasa yake so, bango mai kauri, rufin azara a daɓe shi da ƙasa. Ban da taga, sai 'yar kafa ɗaya can sama. Ƙofa ta kalli arewa don kada rana ta shigo. Ƙasan ɗakin kuma a bar shi yashi, a riƙa yayyafa ruwa yana sha. Mai fili ya ce, "An gama, ka je ka dawo lafiya." Falke ya saki tsohon sitonsa, ya yi Kurmi sarin goro.

Yana ba da baya mai fili ya dubi zanen, sai kunya ta kama shi. Haba! A bakin kwalta, a wannan zamani, a ce filinsa ne aka yi wa ginin ƙasa kamar rumbun ƙauye? Me mutane za su ce? Ya ce a ransa ai kawaici ne ya sa bawan Allah ya roƙi kaɗan, bari ya ba shi mamaki. Aka kawo bulo, aka buga kwano mai ƙyalli, aka sa tagogin gilashi manya-manya, aka shimfiɗa tayil, ƙofa kuwa aka juyo da ita yamma don ta kalli titi. Magini ya ce, "Alhaji, ba fa haka mai goro ya zana ba." Ya ce, "Kai dai yi aikinka." Gini ya yi kyau, ba ƙarya. Masu wucewa har tsayawa suke yi suna tambaya ko banki za a buɗe.

Falke ya dawo tsakiyar bazara da babbar mota shaƙe da huhun goro. Duk abin da ya mallaka a duniya yana cikin motar nan, ga mutanensa na Damagaram da Agadas suna jiran kaya. Ya sauko ya dubi gilashi, ya ɗaga kai ya dubi kwano, sai salati kawai. To ina za shi? Tsohon sito ya shiga hannun wani, direba yana son motarsa, goro kuwa ba ya jira a gama gardama. Dole aka sauke. Wallahi ya yi iya yinsa, abin tausayi. Ya toshe tagogi da tabarmi, ya jiƙa buhuna ya lulluɓe kayan, safe da yamma yana fama. Ina! Kwano ya ɗauki rana, in yamma ta yi kuma rana ta shigo ta ƙofa, ɗaki ya koma tanderu. Ruwan da yake yayyafawa tayil ba ya sha, sai ya kwanta. Goron da ke ƙasa ya ruɓe, na sama ya yanƙwane.

Bayan mako biyu sai ga mai fili ya sha babbar riga, fuska cike da fara'a, godiya ya zo karɓa. Falke ya yi masa shimfiɗa suka gaisa. Ka san al'adar 'yan goro, baƙo ba ya tashi ba a miƙa masa goro ba. Ya kwance huhu ɗaya, ya tona, ya tona, ya zaɓo wanda ya fi kyau ya sa masa a hannu. Mai fili ya sa farce zai ɓara. Goron kirki in ka ɓara shi sai ka ji ƙas. Wannan kuwa lanƙwashewa ya yi kamar tsohuwar fata. Ya sake gwadawa, ya ƙi.

Falke ya ce, "Shi ne mai dama-dama a ciki, Alhaji."

Mai fili ya rasa inda zai sa idonsa. Da ƙyar ya ce, "Wallahi alheri na nufe ka da shi."

Falke ya ce, "Na sani. Ɗakin da ya burge ka ka gina, ni kuwa na goro na roƙa."

Daga wannan shekara falken bai sake taka Kurmi ba. Mutumin da ya gaji fatauci wurin ubansa, tallan goro ya koma yi a faifai a bakin tasha. Abin da ya fi ci mini rai, ba mugunta ce ta karya shi ba, gwaninta ce.

Saboda haka ka ji ni da kyau, ɗana. Takardar fili taka ce, ba mai ja da kai, amma ba kai za ka wuni a ciki kana neman abincinka ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.